Tsakanin kamu da kamu: Yadda ake koyar da sauyi a wasan zoben lilo, da darasin da ke ciki ga masarautar Gumel

Daga cikin bidiyoyin da TikTok da Facebook kan kawo wa wayoyin matasa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai wani nau'i mai ɗaukar ido: mutum a cikin zoben ƙarfe da aka rataya daga rufin ɗaki, yanzu yana zaune, kafin a ƙifta ido ya koma kai ƙasa ƙafa sama, can kuma sai ga shi a saman zoben kamar ba shi da nauyi. Bidiyon yakan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi. Watanni da shekarun da aka kwashe kafin a iya abin ba sa fitowa a cikinsa, haka ma katifar da ke ƙasa da malamin da ya daɗe yana tsaye a gefe.

Wannan wasa ba ya cikin waɗanda aka gada a arewacin Jigawa. Amma yaro mai alkafura a kan rairayi, da mai lilo a reshen darbejiya, da mai hawan katanga, duk ana da su a kowace unguwa, kuma wayar da ke nuna musu sabon salo tana hannun yayyensu. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: mene ne ainihin abin da ake koya a irin wannan wasa, ta yaya ake koyar da shi ba tare da an karya yaro ba, kuma wa ke da alhakin samar da wurin koyon? Amsar duka ukun tana komawa ga ɗan lokacin da mai wasa ya saki kamu ɗaya bai gama riƙe na biyu ba. A nan gwaninta take, a nan kuma ake faɗuwa.

Mene ne zoben lilo?

Zobe ne na bututun ƙarfe, faɗinsa daga santimita 80 zuwa mita 1 da 'yan kai, kaurin bututun kuma kimanin santimita 2 da rabi zuwa 3. Masu wasan suna kiransa lira. Ana rataya shi da igiya ɗaya, wadda ke ba shi damar juyawa kamar katantanwa, ko da igiya biyu, waɗanda ke sa ya fi tsayuwa ya riƙa lilo gaba da baya. Sau da yawa akan naɗe shi da tef na yadi don kada hannu ya zame. Ana zaɓar wa ɗalibi zobe daidai tsawonsa: idan ya zauna a ciki ya miƙe baya, ya kamata a sami ɗan sarari na 'yan yatsu tsakanin kansa da ƙarfen sama.

Asalin wasan yana cikin sarkus, wato gidajen wasan ban mamaki da suka bunƙasa a Turai, inda ake tara jama'a don kallon masu alkafura, masu tafiya a kan igiya da masu wasa da dawaki. Wasannin rataya a sama sun sami karɓuwa sosai bayan 1859, shekarar da wani Bafaranshe mai suna Jules Léotard ya nuna wa mutanen Paris tsalle daga wannan lilo zuwa wancan a cikin iska. Akwai abin lura a tarihinsa: ya koyi wasan ne a saman tafkin ninƙaya na mahaifinsa a garin Toulouse, ta yadda duk kuskuren da ya yi ruwa ne zai tarbe shi. Mutumin da ya buɗe wannan ƙofa ya fara ne da tanadin wurin faɗuwa.

A yau zoben ya fita daga tantin sarkus ya shiga ɗakunan motsa jiki a manyan biranen duniya, inda manya da yara ke koyonsa don ƙarfin jiki, wasu kuma don gasa.

Me ya sa sauyi ya fi matsaya haɗari?

Wasan ya kasu kashi biyu. Akwai matsaya, wato siffar da mai wasa ke tsayawa a kanta na ɗan lokaci: zama a kan ƙarfen ƙasa, rataya da bayan gwiwa kai na kallon ƙasa, ko jingina baya da gefe ɗaya na zoben a dafa ƙafafu a ɗaya gefen, siffar da Turawa ke kira mutum a cikin wata. Sai kuma sauyi, wato hanyar da jiki ke bi daga wannan matsaya zuwa waccan.

A matsaya, nauyin jiki ya riga ya zauna. Tsakiyar nauyin mutum tana ƙarƙashin wurin da aka rataya zoben, gaɓoɓin da ke riƙe da ƙarfen sun kama, babu abin da ke motsi. A sauyi kuwa abubuwa da dama ke faruwa lokaci guda. Nauyi yana ƙaura daga gaɓa zuwa gaɓa, misali daga bayan gwiwa zuwa tafin hannu. Adadin wuraren da jiki ya kama ƙarfen yana raguwa, wani lokaci daga huɗu zuwa biyu ko ɗaya. Zoben kansa ba ya tsayawa wuri guda, domin ba a kafe yake ba: da zarar tsakiyar nauyi ta gusa, sai ya karkace ko ya fara lilo. Idan kuma yana juyawa, tattara hannu da ƙafa zuwa jiki yana ƙara masa gudu, buɗe su yana rage shi, abin da duk yaron da ya taɓa wasan hajijiya ya sani a jikinsa. Ga kai a ƙasa, wanda ke rikita wa sabon shiga dama da hagu.

A ɗauki sauyi mafi sauƙi, daga rataya da bayan gwiwa zuwa zama. Ɗalibi zai ɗago ƙirjinsa ya kama gefen zoben da hannu biyu, ya matsar da hannayen sama ɗaya bayan ɗaya, ya ja jikinsa, sannan ya miƙe ƙafafu don ƙarfen ya zame daga bayan gwiwa zuwa ƙarƙashin cinya. A daidai lokacin da ƙafafu suka miƙe, maƙatar da gwiwa ta yi wa ƙarfen ta kwance, kuma kusan duk rayuwarsa tana kan tafin hannunsa. Idan hannun bai kai sama yadda ya kamata ba, ko ya gaji, ko gumi ya jiƙa shi, nan ne zai suɓuce. Bahaushe ya riga ya raɗa wa wannan kuskure suna: sakin reshe kama ganye.

Lissafin faɗuwar ba shi da wuya. Jikin da ya faɗo daga tsawon mita 2 yana isa ƙasa da gudun da ya haura kilomita 22 a awa. Daga mita 3 gudun ya kusan kilomita 28 a awa. Tunda yawancin sauye-sauyen ana yin su ne kai a ƙasa, abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne kai, wuya ko kafaɗa. Karayar hannu tana ɗoruwa. Raunin laka kuwa yakan zaunar da mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda gogaggen malami ke koyarwa

A 1967 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Paul Fitts da Michael Posner, sun bayyana cewa koyon duk wata fasahar jiki yana bin matakai uku. A na farko ɗalibi yana tunanin kowane motsi, yana yawan kuskure, yana buƙatar a gaya masa abin da zai yi. A na biyu ya fara haɗa motsin wuri guda yana gane kuskurensa da kansa. A na uku abin ya zama jiki, har yana iya yi hankalinsa na wani wuri. Koyar da sauyi a zoben lilo shi ne raka ɗalibi ta cikin waɗannan matakai ba tare da an bari ya tsallake ɗaya ba.

Malami yana farawa da duba ƙarfi kafin ya koyar da salo. Wanda ba zai iya rataya da hannunsa na ɗan lokaci yana riƙe da kafaɗunsa a ɗaure ba, ko ya ɗago gwiwoyinsa zuwa ƙirji yana rataye, bai isa a juya shi kai ƙasa ba. Makonnin farko sukan tafi ne a kan wannan, tare da sabar wa fata da ƙarfe, domin tafin hannu sai ya yi kanta, bayan gwiwa kuma sai ya daina zafi.

Bayan haka akan sauko da zoben ƙasa sosai, daidai ƙirji ko ƙasa da haka, a shimfiɗa katifa mai kauri. Duk sauyin da za a iya kwaikwayonsa a ƙasa, a ƙasa ake fara shi: a kwantar da ɗalibi ya bi hanyar da ƙafa da hannu za su bi, har ya san wace gaɓa ce ke fara motsi, wace ce ke jira.

Akwai ƙa'idar da ke ba baƙo mamaki: ana koyar da sauka kafin hawa. Kafin ɗalibi ya shiga wata matsaya, dole ya san yadda zai fito daga cikinta, da kuma yadda zai koma baya idan ya kai tsakiyar sauyi ƙarfinsa ya ƙare. Wasu malaman sukan bi wannan hanya har ƙarshe, su fara koyar da mataki na ƙarshe na sauyin, sannan wanda ke gabaninsa, har a iso farko. Amfanin haka shi ne duk inda ɗalibi ya nufa, wurin da ya riga ya sani ya nufa, kuma a daidai lokacin da gajiya ta fi kama shi yana kan sashen da ya fi ƙwarewa a kai.

Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi ita ce ta kamu: ba a sakin tsohon kamu sai sabon ya ɗauki nauyi. Taɓa ƙarfe da hannu daban, ɗora masa nauyi daban. Saboda haka akan sa ɗalibi ya yi sauyin a hankali ƙwarai, ya tsaya cak a kowace gaɓa idan an ce ya tsaya. Wanda ke iya sauyi da gudu kawai, yana dogara ne da wurgin jiki, kuma ranar da wurgin ya gaza ba shi da madogara.

A duk wannan lokaci akwai mai tallabe a gefe. Aikinsa ya kare kai, wuya da baya, hannunsa na kusa da kafaɗa da ƙugun ɗalibi, idonsa na kan gaɓar da za ta saki. Ba ɗaukar ɗalibi yake yi ba, domin wanda aka saba ɗauka ba zai san nauyin kansa ba. Yana rage taimako kaɗan kaɗan, daga riƙewa zuwa dafawa, daga dafawa zuwa tsayuwa kusa. Maganarsa ma gajera ce. Mutumin da ke rataye kai ƙasa ba ya iya riƙe umarni biyar, kuma kalmomin sama da ƙasa sun rikice masa, don haka akan ce masa ya kai ƙafa wajen rufi ko wajen ƙofa.

Ana koyon kowane sauyi ta dama da ta hagu, don kada ɓari ɗaya na jiki ya fi ɗaya ƙarfi. Sabon sauyi a farkon darasi ake koyar da shi, lokacin da hannu bai gaji ba. Sai an iya shi shi kaɗai sannan a haɗa shi da wani, sai an iya haɗin sannan a ƙara juyi, sai an iya da juyi sannan a ɗaga zoben sama. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Wannan jeri shi ne abin da bidiyon waya ke ɓoyewa, domin yana nuna matakin ƙarshe ga wanda bai taka na farko ba.

Ƙarfe da igiyar da ke ɗauke da rai

A Gumel ko Maigatari ba za a rasa mai walda da zai lanƙwasa bututu ya fitar da zobe cikin yini guda ba, kuma ba za a rasa reshe ko ƙarfen rumfa da za a rataya shi ba. A nan wani haɗarin yake. Nauyin da mai wasa ke ɗora wa igiya ya wuce nauyin jikinsa, domin duk fizga ko faɗowar da aka tare tana ninka shi. Shi ya sa masu harkar rataya mutane suka saba aiki da ƙa'idar ninki goma. A misali, idan yaro mai kilo 50 ya yi fizgar da ta ninka nauyinsa sau uku, igiya ta ɗauki kilo 150, kuma bisa wannan ƙa'ida ana so kowane sashe, daga zoben zuwa ƙugiya zuwa ƙarfen rufi, ya kasance ba zai tsinke ba sai a kilo 1,500. Reshen bishiya ba shi da takardar da ke faɗin abin da zai iya ɗauka, kuma gara tana cin itace ta ciki ba tare da an gani ba.

Ko ƙwararru ba su tsira daga wannan ba. A ranar 4 ga Mayun 2014, a birnin Providence na Amurka, mata takwas masu wasan rataya a sarkus ɗin Ringling suka faɗo daga tsawon da ya haura mita 4 a gaban 'yan kallo. Binciken hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ya gano cewa ƙugiyar ƙarfe guda ɗaya ce ta karye, saboda an ɗora mata nauyi ta fuskar da ba a ƙera ta don haka ba. Babu wadda ta yi kuskuren kamu a cikinsu.

Yanayin arewacin Jigawa yana ƙara nasa sharaɗin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ƙarfen da ya sha rana yana ƙona hannu, gumi kuma yana sa santsi. Da hunturu fata tana bushewa ta tsage. Rana tana cinye igiyar roba a hankali. Sannan idan aka sami mummunan rauni a ƙashin baya, babban asibitin ƙashi na Dala yana Kano, kimanin kilomita 120 daga Gumel.

Ilimin da ƙasar ta riga ta mallaka

Zoben baƙo ne, amma ilimin sauyi ba baƙo ba ne a ƙasar Lautai. Mai hawan giginya ko dabino ba ya ɗaga hannu da ƙafa tare, kuma ba ya sakin wuri sai ya tabbatar da na gaba. Ɗan kokawa ya san cewa ba a cika kayar da mutum yana tsaye daram a kan ƙafa biyu ba, ana jira ne ya ɗaga ƙafa zai sauya tsayuwa, ko ya saki kamu zai nemi wani, sai a shige shi. A hawan sallah, abin da ke bambanta gwanin mahayi a wajen jahi shi ne lokacin da doki ya fito a sukwane aka ja linzami ya tsaya cak a gaban sarki, domin a wannan ƙiftawar ido ce nauyin mahayi ke neman wucewa ta kan wuyan doki.

Misali mafi kusa da wasan zobe shi ne rawar Koroso, wadda ta sami sunanta daga kacau-kacau ɗin da ake ɗaurawa a ƙafa. An tsara ta ne a Kano a farkon shekarun 1970 ta hanyar haɗa salon raye-rayen Hausawa da Fulani, lokacin da masarautar Gumel ke cikin tsohuwar jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agustan 1991. Masu Koroso suna lanƙwasa jiki, suna ɗaukar juna, suna wucewa daga siffa zuwa siffa a kan kiɗa. Kuma rawar ta rayu ne domin wata hukuma ta gwamnati ta riƙe ta, ta tara masu yi, ta ba su wurin atisaye.

Hanyar koyarwa ta gargajiya tana da ƙarfinta. Yaro yana daɗewa yana kallo kafin a bar shi ya gwada, yana ƙarƙashin idon babba, kuma ba a ba shi babban doki ranar farko. Rauninta shi ne ba a rubuce take ba, tana tafiya tare da mai ita, kuma sau da yawa idan aka yi rauni akan tsaya ga maɗori ko da abin ya fi ƙarfinsa. Tsarin zamani ya zo da katifa, da awon ƙarfin kaya, da jerin matakai a rubuce. Babu abin da ke hana a haɗa biyun.

Abin da wasu ƙasashen Afirka suka yi

A Maroko akwai tsohuwar al'adar masu alkafura da ke danganta kansu da Sidi Ahmed u Musa, waliyyin ƙarni na 16 daga yankin Sus. Sun shahara da hawa kafaɗun juna har su yi dala, kuma tun ƙarni na 19 gidajen sarkus na Turai da Amurka ke ɗaukar su aiki. A kan wannan tushe aka buɗe makarantar sarkus a garin Sale a 1999 domin yaran da ke gararamba a titi, wadda a 2009 ta zama makarantar ƙasa mai suna Shems'y, tana ba da takardar shaidar sana'a.

A Senegal, Modou Fata Touré ya taso ne a matsayin almajiri, ya gudo daga Gambiya zuwa Dakar yana yaro, ya sami mafaka a wata cibiyar kula da yara mai suna Empire des Enfants. A can ya haɗu da wasu masu sarkus daga Suwidin, ya koya, daga baya ya kafa SenCirk, ƙungiyar da ke koyar da yara irinsa. Habasha ta fara nata a Addis Ababa a 1991, Afirka ta Kudu ta sami makarantar Zip Zap a Cape Town a 1992, Gini kuma ta kafa Circus Baobab a 1998 daga masu alkafura da makaɗan gargajiya.

Misalin da ya fi kusa yana ƙetaren iyakar Maigatari. Tun 1975 Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa. Kowace jiha, har da Damagaram, tana tura tawagarta, an gina filayen kokawa a manyan garuruwa, an kuma tsara dokoki da alƙalai. Wasan dandali ne aka ba shi fili, doka da kasafi, ya zama abin da ƙasa ke tsayawa kallo.

A duk waɗannan wurare yaran da basirar sun riga sun kasance. Abin da aka ƙara shi ne rufi, kaya masu inganci da malamin da aka horar.

Batun sutura da 'yan mata

A ƙasashen waje mata ne suka fi yawa a wasan zobe, kuma shigar da ake gani a bidiyo ba ta dace da tarbiyyar Jigawa ba, jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci. Sai dai ya kamata a raba abin da wasan ke buƙata da abin da dandalin kallo ya ɗora masa. Abin da koyo ke buƙata shi ne tufafin da ba za su sarƙe a ƙarfe ko ƙugiya ba, a cire zobe da sarƙa, a ɗaure gashi. Malamai ma sun fi son dogon wando da riga mai hannu, domin su ne ke kare bayan gwiwa, ƙugu da hamata daga ƙujewa. Tunda aikin mai tallabe ya ƙunshi taɓa jikin ɗalibi, duk tsarin da zai shafi 'yan mata a wannan yanki zai tsaya ne a kan malamai mata da ɗaki a killace. Hakan na nufin sai an fara horar da matan da za su koyar, kuma wannan gaskiya ce ga kowane irin motsa jiki a makarantun 'yan mata, ko da zobe ko babu.

Nauyin yana wuyan wa?

Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel suna da kimanin mutum 500,000 a ƙidayar 2006, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Yankin da ke fama da ƙarancin azuzuwa da malamai ba zai sa zoben lilo a sahun gaba ba, kuma bai kamata ya sa ba. Amma tushen da wasan ke tsaye a kai, wato mirgine, daidaita jiki, sanin yadda ake faɗuwa da yadda ake tallabe wani, yana cikin darasin motsa jiki da kiwon lafiya na manhajar ilimin bai-ɗaya. Haƙƙi ne da ke rubuce, ba alfarma ba.

Hukumomin da abin ya rataya a wuyansu sanannu ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi ta hannun UBEC, jihohi kuma suna aiwatarwa ta hannun SUBEB. Kundin tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi cikin masu kula da ilimin firamare, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa, wadda ke yaye malamai masu shaidar NCE, a cikin garin Gumel take. A 2023 an kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, a Oktoban 2024 kuma aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa a madadin ma'aikatar wasanni. Jihar tana da dokar kare haƙƙin yara tun ƙarshen 2021.

Ratar da ke tsakanin waɗannan takardu da filin makaranta tana bayyana a sakamako. Sai a gasar Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021, Nijeriya ta fara samun wakili a wasan lanƙwasa jiki da alkafura, Uche Eke, shi ma a Amurka aka haife shi, a can ya sami horo.

Matashin da ke bibiyar kasafin ƙaramar hukumarsa yana da tambayoyin da zai iya kai wa kansila, shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha, kuma duk suna da amsa a adadi. Makarantu nawa ne a mazaɓar ke da malamin motsa jiki da aka horar a fannin? Nawa ne ke da katifar atisaye ko da guda ɗaya? Nawa aka ware wa wasannin makarantu a bana, nawa aka saki, me aka saya? Malamai mata nawa ke koyar da darasin? Wa aka koya wa yadda ake ɗaukar yaron da ya faɗi a kan wuyansa ba tare da an ƙara masa rauni ba?

Kafin a sami amsa, akwai abin da ke hannun iyaye da yayye. Yaron da ya ga zobe a waya ya nufi shagon mai walda, a nuna masa cewa masu wasan da yake sha'awa sun fara ne a ƙasa, a kan katifa, da mutum tsaye a gefensu, kuma sun koyi sauka kafin su koyi hawa.